Yadda Za A Tsara Horar Da Ma'aikata A Jihar Damagaram Tsakanin Hukuma Da Masu Zaman Kansu

Jihar Damagaram ce ta fi kowace jiha yawan jama'a a Nijar, domin ƙidayar shekarar 2012 ta same ta da mutum fiye da miliyan uku da rabi, kuma mafi yawansu yara ne da matasa. Kowace shekara dubbai daga cikinsu suna kai munzalin neman na kansu, wasu da takardar lakwal, wasu da karatun allo, wasu kuma babu ko ɗaya. A daidai wannan lokaci ne ɗan kwangila zai nemi gwanin shimfiɗa tayil ko mai haɗa wutar gida ya rasa, har sai ya aika Kano ko ya ɗauki baƙo daga Benin ko Togo. Matasa suna neman aiki, masu aiki suna neman ma'aikata, amma ba su haɗu ba, kuma haɗa su shi ne aikin tsarin da wannan jagora ke bayani a kansa. An rubuta ta ne domin jami'an hukumar koyar da sana'o'i ta jiha, da shugabannin ƙananan hukumomi, da daraktocin cibiyoyin horo, da shugabannin ƙungiyoyin masu sana'a. Ra'ayin da ta tsaya a kansa shi ne tsarin ya fara daga ƙofar mai ɗaukar ma'aikaci, kuma a auna shi da yawan waɗanda ke cin abinci da sana'ar shekara guda bayan sun gama.

Mataki na farko: a gane su wane ne masu zaman kansu a Damagaram

Da zarar an ambaci kamfani a nan, hankalin kowa yana tafiya ga SORAZ, matatar man da aka buɗe a watan Nuwamba na 2011 a arewacin Zinder, babban birnin jihar, kan hanyar Tanut, wadda aka gina don tace ganga 20,000 a rana na ɗanyen man Agadem, kamfanin CNPC na Sin yana da kashi 60, gwamnatin Nijar kashi 40. Matatar tana da muhimmanci, kuma dole a zauna da ita. Sai dai matata aiki ne na injuna da ƙwararru ƙalilan, kuma ko an haɗa ta da bankuna da kamfanonin waya da na motocin safa, ba za su ɗauke ko ɗan tsagi na matasan jihar ba. Masu ɗaukar mutane da gaske su ne maigidan garaji, da mai walda a Sabon Gari, da tela a Zango, da majema da dukawa, da magina, da masu lambu, da matan da ke fitar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, da 'yan kasuwar da ke tara wake da riɗi su kai kudu. Waɗannan suna koyar da sana'a tun kafin a gina ajin boko na farko a garin, kuma tarihi ya nuna ƙwarewarsu, tun da maƙeran Damagaram sun ƙera wa Sarki Tanimun igwa a ƙarni na 19.

Don haka kwamitin da zai riƙe tsarin ya zama ƙarami, mai shugabanni biyu: ɗaya daga hukuma, ɗaya daga masu sana'a, kuma sa hannun kowannensu ya zama sharaɗi kafin a fitar da kuɗi. A ɓangaren hukuma a sa hukumar koyar da sana'o'i ta jiha, da reshen ANPE mai kula da samar da aiki, da na asusun FAFPA mai tallafa wa koyon sana'a, da wakilin jami'a. A ɗaya ɓangaren a sa majalisar 'yan kasuwa da masana'antu, da majalisar masu sana'ar hannu CMANI, da majalisar manoma ta jiha, da ƙungiyoyin mata. Amma a yi hattara da wakilin da ya daɗe da barin bakin aiki ya koma halartar taruka. A nemi wanda har yanzu yake da yara a ƙarƙashinsa. Fadar Mai Martaba Sarkin Damagaram ma tana da gurbi a nan, domin masu sarautun sana'a irin su sarkin maƙera da sarkin fawa suna iya tara mutanensu cikin yini guda, abin da takardar ofis ba za ta yi ba cikin wata.

Akwai wani abin lura. Tun watan Afrilu na 2024 aka rusa zaɓaɓɓun majalisun jihohi da na ƙananan hukumomi, aka naɗa jami'an riƙo, kuma shugabanni suna sauyawa a kowane zamani. Tsarin da ya dogara ga mutum ɗaya yana tafiya ranar da aka ɗauke shi, shi ya sa ya kamata a shigar da shi cikin kundin raya jiha da kundin raya kowace ƙaramar hukuma, da layinsa na kasafin kuɗi.

Mataki na biyu: ƙidayar buƙata, shago bayan shago

Wannan shi ne matakin da ya fi cin lokaci, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa da rajistar ANPE suna da amfani, amma sun fi ganin aikin albashi mai takarda, alhali galibin aikin jihar ba ya bi ta nan. Dole a fita da ƙafa. Ɗaliban Jami'ar André Salifou ta Zinder suna iya wannan aiki idan an horar da su 'yan kwanaki, an haɗa kowane biyu da wani dattijon sana'a da zai gabatar da su, domin mai shago da ya ga baƙo da takarda da biro zai ɗauka mai haraji ne, ya ɓoye rabin yaransa. A faɗa masa tun a bakin ƙofa cewa wannan ƙidaya ba ta da alaƙa da ofishin haraji, kuma a cika wannan alkawari.

Tambayar "kana bukatar ma'aikata?" ba ta da amfani, domin kowa zai ce i. A tambayi abin da ya riga ya faru. Mutum nawa ka ɗauka bara, kuma nawa suka tafi? Wane aiki aka kawo maka ka mayar saboda ba ka da mai yin sa? Wa ka kira daga wani gari, kuma nawa ka biya shi? Wane inji ne ke ajiye saboda babu mai gyara? Amsar tambaya ta biyu da ta uku ita ce zinariyar binciken, domin nan ne kuɗi ke fita daga jihar. Bakanike zai ce maka motocin zamani masu na'urar kwamfuta sai ya tura su Kano. Mai lambu zai nuna maka famfon sola da ya tsaya tun watanni. Mai sayar da ƙanƙara zai ba ka labarin firjin da ya ƙone a tsakiyar azumi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan gurbin aiki ne mai biya.

Kada a haɗa jihar duka a kwano ɗaya. Kudu, wato Magarya da Dungas da Kance, ƙasar noma ce mai cunkoson jama'a, mai gyaɗa da wake da riɗi da rake, kuma kasuwancinta yana kallon Daura da Kano. Mirya da Gidimuni suna da lambuna da dabino. Damargu da Balbeji da Tasker sun fi karkata ga gero da kiwo, Gure kuma tana da kwaruruka da kanwa da dabbobi. Birnin Zinder da gundumominsa biyar buƙatarsa gini ce, da gyaran motoci da babura, da wuta, da ruwa, musamman tun da garin yana zaune a kan dutse, ruwansa kuma daga nesa ake jawo shi, daga wurare irin su Gogo da Arunguza da Ganaram. A rubuta sakamakon kowane yanki daban. Lokacin da ya fi dacewa da binciken shi ne bayan kaka, kafin samari su watse cin rani.

Mataki na uku: a duba abin da ke hannu

Jihar tana da cibiyoyin koyon sana'a na CFM a ƙananan hukumomi, da kwalejojin fasaha na CET, da manyan cibiyoyi a birni, da sashen fasaha na jami'a. Jerin sunayensu a takarda ba ya gaya wa kowa komai, sai an shiga ɗakin aiki. A ɗage ƙyallen da aka rufe inji da shi, a ce a kunna. A duba ko akwai sandar walda a ma'aji, ko akwai katako, ko akwai yadi, a tambayi malami yaushe rabonsa da yin aikin kasuwa da hannunsa. Sau da yawa za a tarar da injin lafiyarsa lau, amma ɗalibai ashirin suna kallon malami yana zana haɗin ƙarfe a allo, saboda kuɗin kayan aiki bai zo ba tun farkon shekara.

Haka za a yi wa shagunan da za su karɓi masu koyo. Ba kowane gwani ne malami ba. A wasu wuraren walda yaro yakan yi shekara biyu aikinsa share wuri, goge tsatsa da sayo shayi, in ya kusanci injin kuma idonsa babu gilashin kariya, sai ya rufe ido ya juya kai, da dare a ɗiga masa magani. A wasu shagunan kuwa maigida yana ajiye guntayen ƙarfe musamman don yara su gwada hannu bayan la'asar. A zaɓi na biyun, a rubuta sunansa, da yawan yaran da zai iya riƙewa ba tare da aikinsa ya tsaya ba.

Mataki na huɗu: a zaɓi sana'o'i kaɗan

Idan aka ɗora ƙidayar buƙata a kan ƙidayar abin da ke hannu, giɓin zai fito fili. Kuskuren da ake yawan yi shi ne buɗe ɗinki a ko'ina, saboda keken ɗinki yana da arha kuma malaminsa ba ya wuyar samu, har unguwa ta cika da teloli masu jiran sallah. Gara a ɗauki sana'o'i biyar ko shida na shekara uku, a yi su da kyau. A ganina haɗawa da gyaran kayan sola, da famfunan ban ruwa, da na'urorin sanyi suna kan gaba, musamman bayan abin da aka gani a 2023 lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya. Sarrafa gyaɗa da riɗi, da kiwon lafiyar dabbobi, da gyara jima da ɗinkin fata don su shiga kasuwar zamani suna biye. Walda da lantarki na masana'antu kuwa, irin wanda aikin man fetur ke nema, ajinsa ya zama ƙarami, kuma kada a buɗe shi sai kamfani ya faɗi adadin da zai karɓa.

Yawan ɗalibai ya fito daga lissafi. A ce, misali, bincike ya nuna akwai famfunan sola ɗari uku a wani yanki, kuma gyaran ɗari yana isar mutum ɗaya ya ci abinci: ke nan wurin yana ɗaukar mutum uku, ko biyar idan an yi la'akari da ƙaruwar da ke tafe. Horar da arba'in a wannan yanki zalunci ne ga talatin da biyar.

Mataki na biyar: yarjejeniya a rubuce

Nijar tana da dokar 2018 kan kwangilolin haɗin gwiwa tsakanin gwamnati da masu zaman kansu, amma wannan ta manyan ayyuka ce irin hanyoyi da tashoshin wuta. Abin da ake bukata a nan ya fi sauƙi: takarda mai shafi biyu ko uku, da Faransanci da Hausa, wadda za a karanta da baki a gaban shaidu, tana faɗin abin da kowa zai kawo, da ranar da zai kawo shi, da abin da zai biyo baya idan ya saɓa.

Tsarin da ya fi dacewa da mu shi ne na karɓa-karɓa, inda mai koyo zai yi mafi yawan mako a shagon maigidansa, ya zo cibiya kwana ɗaya ko biyu don lissafi, da awo, da karanta zane, da kare lafiya, da lissafin riba da faɗuwa. Kowane mai koyo ya samu kwantiragi tsakanin maigida da iyaye da cibiya, kamar yadda dokar ƙwadago ta 2012 ta tanada, kuma dokar ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba, ko da da sunan koyo ne. A ba shi ɗan littafi mai jerin ayyukan da zai iya, maigida yana sa hannu a kan kowanne, malamin cibiya yana zuwa duba shi sau ɗaya a wata. Wannan littafi shi ke hana shekara biyu ta ƙare a sayen shayi.

A nan ne ya kamata a saurari damuwar maigida da gaske, domin tana da tushe. Zai ce: yaro yana ɓata mini kaya wata shida, in ya iya kuma ya buɗe shago a gabana ya janye mini masu ciniki. Roƙo da wa'azi ba za su amsa wannan ba, sai riba. A biya masa kuɗin kayan da masu koyo ke ɓatawa. A ba shi nasa horon a kan sababbin injuna, da takardar shaidar ƙwarewa, wadda da yawa daga cikin gwanayenmu ba su taɓa samu ba duk da shekaru talatin a bakin aiki. Mafi ƙarfi duka, ƙananan hukumomi su sa riƙon masu koyo cikin abin da ake dubawa wajen ba da aikin teburan makaranta, da ƙofofi, da tagogi, da gyaran rijiyoyin burtsatse, gwargwadon abin da dokar sayen kayan gwamnati ta yarda. Ran da kafinta ya ga cewa yaransa shida ne suka taimaka masa samun odar tebura, ba zai bukaci a roƙe shi ba.

Manyan kamfanoni kuwa a nemi abubuwa takamaimai daga gare su: guraben gwajin aiki masu adadi da kwanan wata, aron injiniya ya koyar awa kaɗan a mako, tsofaffin injunan da suka daina amfani da su, da sanar da irin ma'aikatan da za su nema shekara guda kafin lokaci. Kyautar kuɗi ranar biki ba ta kai ko ɗaya daga cikin waɗannan daraja ba. Su ma 'yan kwangilar da ke yi musu aiki a sa su ciki, domin sau da yawa guraben sun fi yawa a hannunsu.

Mataki na shida: kuɗi

Kafofin sanannu ne: asusun FAFPA, wanda aka kafa don tallafa wa horo da koyon sana'a, kuma kamfanoni suna biyan harajin koyon sana'a a kan albashin ma'aikatansu, kasafin jiha da na ƙananan hukumomi, abokan hulɗa na waje, da gudummawar masu sana'a, wadda galibi wuri ce da lokaci da kayan aiki, kuma ya kamata a ƙiyasta ta da kuɗi a rubuta. Tallafin waje yana zuwa yana ɗaukewa, kamar yadda aka gani bayan juyin mulkin Yulin 2023, don haka albashin malamai da kayan aikin yau da kullum su tsaya a kan kuɗin gida. A biya cibiya kashi-kashi, kashin ƙarshe kuma sai an tabbatar da waɗanda suka samu aiki. Kuɗin zama da ake ba masu koyo ya tsaya iya abinci da sufuri, domin in ya wuce haka zai jawo masu neman kuɗin zama maimakon masu neman sana'a.

Mataki na bakwai: wa za a ɗauka, kuma yaushe

A yi sanarwa ta rediyo da masallatai da fadojin samari, a bar maigidan da zai riƙe yaro ya zauna cikin masu tantancewa. Sharaɗin takardar lakwal kada ya rufe ƙofa ga almajiran da suka yi nisa a tsangaya, waɗanda suna da horon zama da haddar da ke taimakawa ƙwarai, ko ga samarin unguwanni irin Kara-Kara da aka daɗe ana yi musu kallon fitina alhali abin yi suka rasa. Koyarwa ta kasance da harshen da ɗalibi ke ji, Hausa a mafi yawan wurare, Barbarci ko Fillanci ko wani inda ya dace, tare da koya masa sunayen kayan aiki kamar yadda suke a rubuce a jikin kwali. A karkara a dakatar da aji da damina, domin babu uban da zai bar ɗansa a cibiya gona tana jiran noma.

Batun mata yana bukatar shiri na musamman. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, da yawa kuma daga yankin Kance, kuma rashin abin yi a gida ne ya fitar da su. Horon mata ya zo kusa da gida, a lokacin da ya dace da aikin gida, da wurin ajiye yara, da amincewar miji ko uba da aka nema tun farko. Kuma kada a tsare su a ɗinki da saƙa kaɗai: sarrafa abinci da injin zamani, kiwon kaji da awaki, gyaran waya da riƙon littafin ciniki duk suna hannunsu.

Mataki na takwas: bayan an gama

A yi jarrabawar ƙarshe da aikin hannu, masu sana'a na cikin alƙalai, takardar kuma ta zama wadda hukuma ta sani. Rabon kayan aiki kyauta ranar yaye ɗalibai yana da kyan gani, amma wanda ba shi da shago, ba shi da jari, ba shi da mai ciniki, yunwa za ta sa ya kai kayan Kasuwar Dole ranar Alhamis. Ya fi kyau a ba da kayan ga rukunin mutum uku ko huɗu, bayan sun nuna wurin aiki, a matsayin aro da zai zama nasu bayan shekara, tsohon maigidansu yana tsaye a kansu, kuma a haɗa su da asusun ajiya da bashi na yankin.

Daga nan sai bibiya. A karɓi lambar wayar kowane ɗalibi da ta wani danginsa, a kira bayan wata shida da bayan wata goma sha biyu, a tambaye shi ko yana aiki, ko a sana'ar da ya koya ne, a wane gari, kuma nawa yake samu. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda ya koma sefa 42,000 a wata tun Janairun 2024, ya isa ma'auni. Wanda ya tafi Kano ko Agadas yana aiki da sana'arsa a rubuta shi daban, domin bai faɗi ba, amma yawan irinsa yana nuna cewa kasuwar gida ta cika. Masu kiran kada su zama ma'aikatan cibiyar da kuɗinta ya dogara ga amsar. A ba jami'a wannan aiki.

Kowace shekara bayan kaka kwamitin ya zauna da waɗannan alƙaluma, a karanta su da Hausa a gidajen rediyo, sana'a bayan sana'a, cibiya bayan cibiya. Sashen da ya yi shekara biyu a jere mafi yawan ɗalibansa suna zaune, a rage shi ko a rufe shi, a mayar da malaminsa horo, a karkata kuɗinsa ga sana'ar da masu shago suka ce suna mayar da aikinta. Shagon da aka samu yana bautar da yara a cire shi daga jeri, wanda kuma yaransa suka tsaya da ƙafafunsu a ƙara masa guraben shekara mai zuwa. Bayan shekara uku a sake fita ƙidayar buƙata daga farko.